Yadda Na Zama Malam An

Ko me zan manta a aikin nan, ba zan manta da safiyar wata Ƙaramar Sallah ba, shekara uku ke nan, ranar da zaurenmu ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Tunda sababbin ma'aikata kun dame ni da tambayar dalilin da ya sa manya ke kirana Malam An alhali sunana Kabiru, bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Ga wanda bai san aikin malamin gona ba, mu ne masu kai wa manoma shawara: wane iri ya dace da ƙasarsu, yaushe za a zuba taki, me za a yi in tsutsa ta shiga. Na yi shekara goma sha ɗaya a karkara kafin a dawo da ni ofis a Dutse, aka ba ni tebur da fanka, aka kuma ɗora min kula da zauren ma'aikata. Zauren nan na waya ne. A ciki ake tura sanarwar ofis, a ciki mutum zai ɗauki hoton ganye mai ciwo ya tambaya, a ciki ake sanar da haihuwa da rasuwa. Mu uku ke da ikon saka mutum ko cire shi, ni ne babba.

A cikinmu akwai Baba Idi, mutumin wani ƙauye a yankin Buji. Shi ya koya min aiki a Ringim lokacin ina ɗanyen kai. Ranar farko da ya ga na tsaya a kan manomi ina zuba bayani da littafi a hannu, ya ja gefen rigata ya ce, "Tsuguna. Ba a yi wa mai gona magana a tsaye." Ya yi ritaya shekara shida kafin wannan labari, amma ba wanda ya taɓa tunanin fitar da shi daga zaure.

Muna da wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba. Ranar Sallah, ba mai tura gaisuwa sai Baba ya buɗe. Da an sauko daga idi zai turo murya, ya bi mu yanki-yanki da tsokana. Mutanen Ringim, ya yi musu fatan kada tumatir ya ruɓe a hanya. Mutanen Taura, ya ce ba sa zuwa taro sai sun ji akwai shinkafa. Mu na Dutse kuwa kullum mu ne "masu noma a kan takarda". Duk yankin da ya kira sai su amsa, "Na'am Baba, Allah ya maimaita mana." Daga nan sai gaisuwa ta ɓarke har yamma.

Saura kwana uku Sallah, Darakta ya kira ni. Wata sanarwa ta cikin gida ta fita har ta kai hannun 'yan kasuwa, ransa a ɓace. Ya ce, "Kabiru, ka tsaftace min zauren nan kafin hutu. Duk lambar da ba ka sani ba, waje." Na ce an gama, ranka ya daɗe.

Azumi ya kai ƙarshe, ga zafi, ga ni ina son in tashi. Ƙa'ida ita ce in ɗauko jerin ma'aikata in duba lamba bayan lamba, wadda ban gane ba in kira mai ita. Ni kuwa sai na bi ta gajeriyar hanya. Duk lambar da ba ta fito da suna a wayata ba, na rubuta ta a takarda na cire. Akwai wata mai hoton gonar riɗi, an rubuta "Allah Gatan Kowa". Na ce a raina wannan da gani dillalin riɗi ne, na fitar da shi har ina jin na yi abin kirki.

Ranar Sallah na dawo daga idi, na ci tuwo, na ɗauki waya ina jiran in ji da me za a zage mu bana. Shiru. Ƙarfe goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. Kana gani mutane na leƙowa, amma ba wanda ya yi gaban Baba. Sai wajen azahar Hajiya Binta ta Taura, shugabar sashen mata, ta rubuta: "Jama'a, ko wani ya ji ɗuriyar Baba?" Nan fa hankali ya tashi. Wani ya ce ya kira wayarsa a kashe. Wani ya ce ya ji kamar bai ji daɗi ba a cikin azumi. Har an fara addu'o'in da ba a yi wa mai lafiya.

Hajiya Binta ta ce ai Baba ya canza layi tun da sanyi, ita ce ma ta saka sabon a zaure, ga lambar. Ina ganinta na tuna da lambobin da na cire. Na laluba aljihun rigar aiki na ciro takardar nan. Ga ta, ta huɗu daga sama.

Abin da na yi a lokacin, har yau ina jin kunyarsa. Na rubuta a zaure: "An samu 'yar matsala, ana dubawa." Sannan na kira Baba sau uku, tana shiga bai ɗauka ba. Can sai ga kiran Hajiya Binta. Ta ce ta same shi, lafiyarsa ƙalau, ya yi mata barka da Sallah ya kashe waya, shi da ba ya barin mutum sai kunne ya yi zafi.

"Kai ne, ko?" ta tambaye ni.

Na ce, "Hajiya, bari kawai in mayar da shi yanzu."

Ta ce, "Kana mayar da shi zai fita da kansa, kuma in ya fita shi ke nan. Wannan ba gyaran waya ba ne, Kabiru. Ka tafi da ƙafarka."

Na kira Darakta na yi masa barka, na faɗa masa abin da ya faru. Ya ce, "Na ce a share zaure, ban ce a haɗa da tsofaffin ciki ba." A nan muka yanke cewa za a buɗe wani wuri dabam don sanarwar ofis kawai, zaure kuwa ya zauna na kowa, mai aiki da wanda ya ajiye.

Washegari na kama hanyar Buji. Na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, a kan tabarma. Na tsuguna muka gaisa. Ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya sa aka kawo ruwa da abinci, duk yadda ake yi wa baƙo. Wannan ya fi min ciwo, don ni da ba baƙo ba ne a gidan.

Na gyara murya na ce, "Baba, game da zaure ne. An samu kuskure, an cire lambarka, a yi haƙuri."

Ya dube ni ya ce, "Wa ya cire?"

"Wato Baba, umarni aka bayar, sai aka..."

Ya ɗaga hannu. "Kabiru, shekara talatin da biyar na yi ina aiki. An ɓatar da fayil, an manta da sunanka, an ɗage taro. Wannan Malam An ɗin, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Yau na ɗauka shi ka kawo min mu gaisa."

Ya ciro wayarsa ya nuna min. Ashe tun jajibere ya rubuta tsokanarsa a bayan wata takarda don kada ya tsallake kowa. Ya ce ya dawo daga idi, ko babbar riga bai cire ba, ya buɗe zaure zai yi magana, sai ya ga an rubuta ba ya ciki.

"Na ce to, an yi min ritaya ta biyu," in ji shi, "wannan karon ko takarda babu. Ban yi fushi ba, tsoho dama kaya ne. Amma wallahi tuwon Sallar nan bai wuce min ba."

Na ce, "Baba, ni ne. Ni na cire ka da hannuna. Ganda ce ta hana ni duba jerin, kuma wata huɗu da canza layinka ban kira ka ko sau ɗaya ba, shi ya sa ban san lambar ba. Ka yafe min."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Yawwa. Yanzu na ga wanda zan yafe wa. Da can iska kake so in yafe wa? Na yafe duniya da lahira. Saura mutanen da ka sa suka fara yi min ta'aziyya ina raye."

A nan kan tabarmar na ɗauki waya na yi murya, ba rubutu ba. Na faɗi sunana, na faɗi abin da na yi da dalilin da ya sa, na nemi gafara. Sannan na mayar da Baba. Ya sa tabarau, ya warware takardarsa, ya yi gyaran murya. Ya tsokani Ringim, ya tsokani Taura, waya ta shiga kuka ba tsayawa, amsoshi na shigowa kan amsoshi, har da waɗanda suka yi shekara ba su ce uffan ba. Da ya zo kanmu sai ya ce, "Dutse, masu noma a kan takarda, barkanku da Sallah. Ku gai da min Malam An, yau dai na ga fuskarsa, ga shi nan yana cinye min tuwo."

Sunan ya bi ni daga ranar, ban kuma taɓa jin haushinsa ba. Abin da na koya shi ne, a aikinmu kuskure ba ya kashe zumunci, ɓuya a bayan "an" ke kashe shi. In ka ba manomi shawara gonarsa ta ƙi, ka koma ka tsuguna ka ce ni na faɗa. Kuma lambar da ke cikin zaure mutum ce, kafin ka taɓa ta ka kira mai ita.

Har bana Baba ke buɗe mana Sallah. Muryar ta ɗan yi rauni, amma bai taɓa tsallake ni ba. In ya ce ina Malam An, ba na jiran kowa. Cewa nake, "Ga ni, Baba, ni ne."