Kwaɗon da Aka Sa wa Injinmu

A shekarun da mutanen ƙauye suka riƙa kwararowa Batsari da tabarmi a ka, mu matan unguwarmu muka kafa ƙungiya. Ni aka sa a gaba saboda furfura. Wani bawan Allah ya ba mu injin niƙa, mazanmu na zuba mai. Ba mu karɓar ko sisi. Sai dai duk wadda ta niƙa hatsinta takan ɗebi tafi guda na gari ta zuba a masakin da ke bakin ƙofa, yadda iyayenmu ke yi bayan daka. Da la'asar mu raba wa matan da aka kashe wa maza, su yi wa marayu tuwo.

Da mun tsaya nan, da shi ke nan. Amma wani ɗan rediyo ya zo, na gaya masa hanyar Tsaskiya ta mutu, masu naƙuda na haihuwa a kan babur, alhali an yi mana alkawari lokacin zaɓe.

Ba a jima ba masu haraji suka sauka. Babbansu ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, sannan ya tambayi labarin masakin. Ni da bakina na yi masa bayani, har da murna, ina zaton zai sa albarka. Sai ya ce wannan ladan niƙa ne, mu 'yan kasuwa ne da muka ɓuya a bayan ƙungiya. Suka sa wa ɗakin injin kwaɗo.

Na tuna masa da ƙungiyar da ke bayan tasha, masu ɗaura zanen jam'iyya: injinsu biyu, kuɗi suke karɓa, ba wanda ya taɓa leƙa su.

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Inna, su ai ba su shiga rediyo ba.”

Muka taru a zaure, wasu suka ce mu jure. Wata da ta gudo daga Zakka da 'ya'ya ƙanana tana gefe tana jijjiga goyonta. Ita na kalla na yanke magana. Na aika aka gaya wa masu harajin mun ji, mun kama bakinmu, aka buɗe.

Da damina ɗan rediyon ya dawo neman labarin hanya. Na ba shi ruwa ya sha, na ce masa tsufa ya kama ni, ba na riƙe magana.