Ranar da Yaya ta Haska Ni a Bango

Yayata malamar jami'a ce a ƙasar Turawa. Idan aka tambayi Mma, mahaifiyarmu, aikinta sai ta ce, "Manya take koya wa rubutu," mutane su yi ta dariya. Ba haɗa baƙi take koyarwa ba. Ita da bakinta ta yi mini bayani: yadda ake jera magana ne har ta shiga kan mai sauraro ya yarda. Daga baya ta haɗa da wasannin bidiyo, wai su ma magana ce, wasa yana lallashin mai yin sa ba tare da ya buɗe baki ba. A kan wannan ta zama dakta. Ban taɓa raina aikinta ba, ina so a san haka tun yanzu, kada wani ya ce hassada ce ke cina.

Ni aji huɗu na yi a lekol, makarantar boko, na fita, na bi Mma kasuwar Assigamé muna sayar da mayafai. Na yi aure nan cikin Zongo, mijina yana aikin fito da kaya a tashar jirgin ruwa. 'Yata ta fari shekararta takwas lokacin da abin ya faru.

Babanta ne ya ba ta tsohuwar wayarsa, a ciki akwai wani wasa na jera tubali. Hankalina bai kwanta ba. Ni mutum ce mai tsoro, ko tari yaro ya yi sai na kasa cin abinci. Na ji tsoron idonta, na ji tsoron karatunta, na ji tsoron ko akwai wani ƙato a cikin wayar yana yi mata magana. Sai na riƙa kasa kunne daga madafa. Idan tana ɗora tubali, ƙarar ƙwas-ƙwas ce a jere. Idan tana rushewa, ƙarar ta fi kauri, kamar ana fasa ƙanƙara. Duk ranar da aka ɗauke wuta ni nake kai wayar shagon caji, a hanya in tsaya jikin katangar masallaci in buɗe in duba. Gidanmu take ginawa. Ga zaure, ga famfo, ga igiyar shanya, har kujerar tsugunon da nake zama a kai in tsince shinkafa. Na fi wata biyu ina kallon gidan nan yana tashi, ban gaya wa kowa ba.

Da damina Yaya ta zo hutu da kyamara da wani abin ɗaukar murya mai gashi kamar ɓera. Ta ga gidan cikin waya ta yi ta salati. Ta ce za ta ɗauke mu don aikinta, ta miƙo mini takarda da Turanci ta ce in sa hannu, ƙa'ida ce kawai. Yayata ce, na sa.

A tsakar gida ta kafa kyamarar. Uwar mijina tana kan tabarma da carbinta, ga maƙwabta biyu sun leƙo kallo. A nan, a gaban surukata, Yaya ta tambaye ni, "Me za ki ce game da abin da 'yarki ta gina?"

Me zan ce? 'Yar fari ce fa. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban manya. Da wannan al'ada kakanninmu suka zo daga Arewa. Matan Zongo na yanzu da yawa sun watsar, za ka ji su a titi suna ce wa 'ya'yansu "ma sheri, ma sheri," amma mu ba mu watsar ba. Na kau da kai na ce, "Shirme ne. Waccan ba ta da aikin yi." Surukata ta yi murmushi, maƙwabta suka yi dariya, ita ma yarinyar ta yi dariya, domin duk wanda ke tsakar gidan nan ya san abin da nake nufi.

Mako biyu bayan nan aka gayyaci Yaya ta yi jawabi a wani zauren taro a cikin gari. Muka yi kwalliya muka tafi, ni da mijina da yarinyar. Na yi mata kitso sabo. Aka rage fitila, majigi ya haska gidanmu na cikin waya a bango, mutane suka yi tafi. Yarinyar tana riƙe da bakin mayafina.

Sai ga fuskata a bangon, ta fi ƙofa girma. Muryata ta cika zauren: "Shirme ne. Waccan ba ta da aikin yi." A ƙasa an rubuta da Faransanci. Aka yi dariya, amma ba irin ta tsakar gidanmu ba. Wata mata mai tabarau ta girgiza kai ta yi tsaki. Yaya ta ci gaba da magana a hankali, tana tsayawa inda ya kamata a tsaya, aikinta ne ai. Faransancina na ciniki ne, ban kama komai ba sai "mama" da ta maimaita. Amma 'yata ita ce ta ɗaya a ajinsu. Ta ji duka. Na ji ta saki mayafina.

A hanya na matsa wa mijina sai da ya fassara mini. Yaya ta ce yara irin wannan su kaɗai suke gininsu a gidajen da ba mai ganinsu. Ta ce ta ɗauki uwar yarinyar tsawon wuni, ko sau ɗaya ba ta ambaci sunanta ba.

Kwana uku ban ji ƙwas-ƙwas ba. A rana ta huɗu ina wanke-wanke na ji ɗaya ƙarar, ta fasa ƙanƙara, ta daɗe tana yi. Da ta tafi makarantar allo na ɗauki wayar. Zaure yana nan, famfo yana nan, ɗakin kakarta yana nan. Ɗakina ne babu, da kujerar. Fili kawai, kore shar. Da yamma na ji ta tambayi kakarta, ba ni ba, "Kaka, wai Mama ta manta sunana ne?"

Washegari da safe na hau zemijan, babur ɗin haya, na tafi gidan Mma. Na sami Yaya tana haɗa akwati.

"Yaya, ke fa 'yar fari ce," na ce. Ko gaisuwa ban yi ba. "Kin san abin nan sarai."

"Don na sani ne na faɗa," ta ce. "Shekara nawa na yi ina kawo sakamako gidan nan, Mma ta ce in ajiye can in zo in yi shara? Kin san yadda yake a cikin yaro?"

"To ki haska Mma a bango mana! Me ya kawo ki kaina? Kin zaunar da ni gaban surukata, kin yi mini tambayar da kin san ba zan iya amsawa ba, kin ɗauka kin kai wa masu tabarau. Ke da kike koya wa mutane magana, ba ki san wajen da aka faɗi magana yana cikin maganar ba? Ina tabarmar? Ina tsohuwar? Kin yanke su!"

"Ban ambaci sunanki ba ai."

"Fuskata fa? Ta maƙwabta ce?"

Mma tana bakin ƙofa tana cewa mu rage murya. Na wuce ta na shiga ɗakinta, na jawo adakar ƙarƙashin gado. Ni nake share ɗakin nan tun ina ƙarama, na san abin da ke ciki. Na kwance atamfar da ke can ƙasa na zube a gaban Yaya: takardun sakamakonta ne tun daga aji ɗaya, an jera su bi da bi, matar da ba ta karatun boko ta jera su ba kuskure. Mma ta ce, "Ke, wa ya aike ki?" ta juya ta fita tsakar gida.

Yaya ta daɗe a tsugune tana shafa takardun. Na ɗauka shi ke nan. Da ta ɗago, ido jawur, sai ta ce hoton ya riga ya tafi wajen masu buga aikin, ba zai ciru ba, amma za ta sa ƙaramin bayani a ƙasan shafi game da al'adar.

Ƙasan shafi. 'Yata a zauren ta ji, da kunnenta, fuskata kamar ƙofa.

Na koma gida. Bayan la'asar surukata tana kan tabarmarta, yarinyar tana zaune bakin famfo, wayar a kife a cinyarta. Na je na tsuguna kusa da ita, na kira sunanta. Da ƙarfi na kira, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Carbin surukata ya tsaya. Ta ce, "Ikon Allah," ba ta ƙara ba. Kunya ta rufe ni kamar na fita ba zani.

Yarinyar ta dube ni.

Na ce, "Ɗakin da kika rushe, dama tagar ba a wajen take ba. Gabas take kallo. Igiyar shanyar kuma kin sa ta ƙasa da yawa, zannuwa za su ja ƙasa."

"Yaushe kika gani?"

"Wa yake kai miki caji?"

Ta juya wayar a hannunta. Can ta ce, "Tanti ta ce ba kya gani." Yaya take nufi.

"Tantinki ba ta tambaye ni a ɗaki ba."

Yaya ta koma wajen aikinta. Tana turo saƙonnin murya, ina ganin su suna taruwa, ban buɗe ba. Abin da ban yafe ba shi ne, da sannu da ni da 'yata za mu gane juna yadda aka saba, ita ta zo ta sa na yi shi da rana tsaka a gaban surukata, don in gyara ɓarnar da ba ni na yi ba. Tunda rubutu take koyarwa, ga nawa, na yi shi da ɗan yatsa ɗaya a waya. Ta duba da jan biro in ta ga dama.

Ƙwas-ƙwas ɗin ya dawo, amma ba kamar da ba, jefi-jefi. Jiya na kai caji na tsaya jikin katangar masallaci na duba. Ta ɗaga igiyar shanya. A filin ɗakina bango ɗaya ta tayar, da taga a gabas. Ba ta mayar da kujerar ba tukuna.