Ƙahon Albarushin Kawu

Duk faɗin unguwarmu ta Tandabawi, daga gindin dutse har inda bukkokinmu suka ƙare, ba a taɓa yin mai riƙe sirri kamata ba. Wannan ba yabon kai ba ne, gaskiya ce da na ga ba mai niyyar faɗa sai ni. Shekara da shekaru ina kwana a kan bindiga, a tsakiyar garin Makka, inda ko tantabara ka kora sai wani dattijo ya ajiye sandarsa ya yi maka wa'azi, amma ko sauron ɗakina bai san da ita ba. Haka dai nake gani a lokacin.

Ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata. Maharbi ne a dajin ƙasar Katsina kafin ya kamo hanyar gabas da ƙafa, shi da matarsa da nake kira inna. Adaka ce, irin wadda ake durawa ta baki, tsawonta ya kusa nawa, ni kuwa in na miƙe a Mina ana hango hulata daga Muzdalifa. Kawu ya ratso da ita Barno da Wadai, ya yi aikin auduga a Sudan tana rataye a bukka, ya haye teku da ita a naɗe cikin tabarma tare da tabaryar inna. Da ya iso sai ya tarar ya kawo bindiga ƙasar da ba a farauta. A cikin iyakar Harami ba a taɓa zomo, ba a tsinke ciyawa, balle a ɗaga makami. Kuma abin da kowane ɗan Takari ya riƙe, wato mu mutanen yamma da muka zo muka zauna, shi ne in askarawa suka kama irinmu da bindiga ba dogon zance: Jidda, jirgin ruwa, sai wata ƙasa. Ni a nan aka yanke mini cibiya, a nan iyayena suke kwance. In aka sauke ni a wancan gefen teku, ban san ƙofar wa zan yi wa sallama ba.

Kawu ya haƙa mata rami a ƙarƙashin gado, ya kwantar da ita tare da wani ƙahon sa cike da albarushi. Da ciwon ajali ya kama shi ya kira ni, ya ce, "Ɗana, ga amana. Ka riƙa shafa mata mai. Kada ka nuna ta, kada ka harba ta sai ranar da aka faɗo maka gida. Ko innarka na ce mata na sayar wa wani Balaraben ƙauye."

Bayan rasuwarsa gidan ya rage ni da inna, don ban yi aure ba tukuna. Sana'ata ga-ruwa, garwa biyu a sanda, lokacin Hajji kuma dako a Mina. Amma ranar Juma'a da hantsi, in inna ta fita da farantin dakuwarta, sai in kare ƙofa in ɗage gado. In warware tabarma, in goge ta da man shanu tun daga baki har gindi, in saɓa ta a kafaɗa in zaga ɗaki. Zakunan da na kashe a cikin ɗakin nan, da an jera fatunsu da sun shimfiɗe hanyar Jidda. Daga nan in buɗe ƙaho in shaƙi ƙamshinsa, in tsoma wani tsinken tsintsiya da na yi wa alama, in ga albarushi yana inda yake, in mayar da komai. Ban taɓa harba ta ba. Amma mai bindiga daban yake tafiya, ko da garwa ce a kafaɗarsa.

Shekarar da yaƙin Turawa ya lafa, alhazai suka dawo da yawa, na yi kwanaki a Mina ina dako. Juma'ar da na dawo na tsoma tsinke, sai ya nutse, alamar ta shige cikin ƙaho. Na ciro, na goge, na sake tsomawa. Albarushi ya ragu, ba kaɗan ba. Na duba igiyar tabarma, ba ɗaurina ba ne. Ni zarge nake yi irin na kawu, wannan kuwa ƙulli ne kawai aka yi.

Na zauna a ƙasa ina lissafi. Ɓarawo zai ɗauke bindigar ne gaba ɗaya. Wanda ya ɗebi albarushi ya bar bindiga, shaida yake so ya kai wa hukuma.

Daga ranar na fara kallon unguwa da wani ido. Mai wanki ya gaishe ni sau biyu a wuni ɗaya, na ce me yake nema. Liman ya ja aya a kan amana, na ga kamar ni yake kallo. Amma zuciyata ta fi tsayawa a kan maƙwabcina mai tsire, Bahaushe ne da ya taso a Wadai, bangon kwano ɗaya ne tsakanin ɗakina da inda yake tara gawayinsa. Mutum ne mai dariya, kuma a lokacin na gano ba abin da ya fi dariya ɓoye mugunta. Ga shi ya yi sabon aboki, wani askari mai gashin baki kamar ƙahon rago, uwarsa Bahaushiya, yana jin Hausa ras. Kullum da la'asar sai ya zo ya zauna a bencin tsire, fuskarsa tana kallon ƙofarmu.

Wata rana na dawo da garwa wayam, na hango askarin nan a bakin ƙofarmu ya rusuna wa inna. Ya sumbaci kanta yadda mutanen Hijaz suke wa tsofaffi, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ta miƙa masa wani ɗan ƙulli a tsumma, ya cusa a aljihu. Na laɓe bayan jakin wani har ya tafi.

"Inna, me askari yake nema a gidan nan?"

"Gaisuwa."

"Me kika ba shi?"

"Abin da ya roƙa. Kai kuma tun yaushe ka zama alƙali? Je ka wanke ƙafa, ka kwaso mini rabin ƙasar Makka."

Na ce a raina, wayyo tsohuwa, da dakuwa take sayen lafiyarmu, ba ta san ramin da ake haƙa mana ba. Ban gaya mata komai ba, kada in ɗaga mata hankali.

Na shiga kafa tarko. Na barbaɗa toka a gaban gado don in ga sawu. Inna ta share, ta kuma yi mini faɗan ƙazanta. Na ɗaura zare a ƙafar gado, ta tsinke ta ɗinke mini wando da shi. Na tsaya jikin bangon kwano na kasa kunne, ba abin da na ji sai mai tsire yana tari yana zagin iccen da ya ƙi ci.

Juma'a ta zagayo, na tsoma tsinke. Wallahi sai da na ajiye ƙahon na yi salati. Albarushi ya dawo. Bai tsaya a alama ba ma, ya wuce ta, ƙahon ya cika har wuya.

A nan na gane girman makircin. Sun kai wa babbansu samfur, ya ce bai isa a kori mutum a kansa ba, sai suka ƙaro daga rumbun hukuma don in an zo bincike a ce ina shirin yaƙi. Na ga kaina a jirgin ruwa ina amai, inna a bakin teku da farantin dakuwa. Na yanke shawara bindiga ba za ta ƙara Juma'a a Makka ba. Zan fitar da ita bayan iyakar Harami, in ƙone albarushin nan duka a harbi, tunda dai rabuwa za mu yi, sannan in binne ta a gindin wani dutse.

Sai dai abu mai tsawon mutum ba a saɓa shi a ratsa gari, kuma jakin da zan iya ara na mai tsire ne. Na yi tunani, na ga dabarar da ko sarkin yaƙi sai ya sara mini: in tafi da shi kansa. In an kama mu, jakinsa ne, kayansa ne, tare za mu sha iskar teku.

"Maƙwabci," na ce, "gobe in za ka neman icce, zan raka ka. Ina da 'yar tabarma da nake so in kakkaɓe a waje."

Ya dube ni ya yi dariyar nan tasa. "Tabarma, dogo? To, Allah ya kai mu."

Da safe muka ɗaure ta a gefen jaki, tsakanin igiyoyi da gatari, muka nufi kudu. A Kudai, wadda a lokacin fili ce da 'yan rumfuna, akwai mai gahawa a bakin hanya. Wa zan gani a zaune da finjali a hannu? Askarin nan mai gashin baki. Ya amsa sallamarmu, ya dubi jaki, ya dubi tabarma wadda ta fi jakin tsawo, ya ce, "Ya dogo, sai kun wuce alamomi tukuna, ka ji?" Ya koma kan gahawarsa.

Na ce shi ke nan, so yake ya kama ni da hayaƙi a hannu. Duk hanyar ina waiwaye. Kowane dutse na ga rawani a bayansa.

Muka wuce tulin duwatsun da ke nuna ƙarshen Harami, muka shiga wani kwari. Na sauke tabarma, na warware a gaban mai tsire, ina kallon idonsa don in ga yadda munafuki yake yin mamakin ƙarya. Ko mamakin bai yi ba. Ya ce, "Kai, ta sha mai." Ya nemi inuwa ya zauna.

Na dura ta yadda kawu ya kwatanta mini: albarushi, tsumma, 'yan guntayen ƙarfe, na daddanna da sandarta. Na zuba kaɗan a 'yar kaskonta ta gefe. Na ce, "Maƙwabci, toshe kunnenka, ka riƙe jakinka. In ta tashi, mutanen Ɗa'if za su zaci aradu ce." Na auna wani dutse mai kamar raƙumi a durƙushe, na rufe ido ɗaya, na rufe ɗayan ma, na sa yatsa na ja.

Ƙyas.

Jaki ko kunne bai kaɗa ba. Na gyara ƙanƙarar, na sake ja. Ƙyas. Tartsatsi yana fita, yana faɗawa kan albarushi, yana mutuwa kamar an tofa masa yawu. Na ja har yatsana ya yi kanta.

Mai tsire ya taso, ya karɓi ƙaho, ya zazzaga a tafin hannu, ya ɗanɗana da harshe. Sai ya zauna daɓas yana dariya har da hawaye.

"Nawa ne," ya ce. "Gawayina ne. Na ƙirya ma, mai kyau."

Na shaƙo wuyan rigarsa. "Ashe kai ne! Nawa suka ba ka?"

"Sake ni, dogo, su wa? Innarka ce ke aikowa in ba ta, ta daka a turmi ta tankaɗe."

A inuwar nan ya warware mini. A garinsu inna albarushi magani ne: a jiƙa a shafa wa harbin kunama, a goga wa makero, a lasa in ciki ya murɗa. Tun kawu yana da rai take ɗiba in an zo mata da larura, ta cike gurbin da garin gawayi don kada ya gane. Matar da ta haye teku da bindiga a jikin tabaryarta, ita za a ce wa an sayar, alhali ita ke share ƙarƙashin gado? Lokacin Hajji kunamu suka yi yawa, shi mai tsiren kuma yana Mina da gawayinsa, shi ya sa na tarar da ragi. Da ya dawo ta cike, idonta ya yi rauni, ta zarce.

"Kuma kada ka gaya mata," ya ce, "amma ina jin shekarun nan gawayina zalla take warkar da mutane da shi. Yana kuwa aiki."

"Wa da wa suka sani?"

Ya fara lissafi da yatsu, mai wanki, liman, matan layinmu da na bayanmu, sai ya ga yatsun ba za su kai ba ya bari. "Ranar Juma'a ma ta jikin kwano muna jin ka kana kashe zaki. Ni har jinkirta tari nake yi kada in kore maka shi."

Ban binne ta ba. Muka naɗe, muka yi icce kaɗan don kunya, muka juyo. Amma hankalina bai kwanta ba, don unguwa daban, hukuma daban, kuma gashin baki yana nan a Kudai inda muka bar shi. Ya yafito mu. Na tsaya a gabansa, na ce a raina in jirgi ne, to, a hau shi da mutunci.

"Ban ji ƙara ba," ya ce.

Mai tsire ya ba shi labari, har da kwaikwayon yadda na rufe ido. Askari ya yi dariya har gahawa ta sarƙe shi. Ya ce ƙullin da na gani na matarsa ne, kunama ta harbe ta a wurin wanki, kuma ta warke sarai.

Na tattaro sauran ƙarfin hali na ce, "To, ranka ya daɗe, yanzu maganar bindigar fa? Za a kai ni Jidda?"

Ya goge gashin bakinsa, ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Jidda? Ya dogo, tun kafin in sa kaki aka san da ita, har mai unguwa. Da a hannun wani take, da tuni mun karɓe."