Kuɗin Takin Baba a Katina

Ko zan manta komai na zamanin karatuna, ranar da na raka Baba sayen taki a kasuwar Tsanyawa ba za ta fita daga raina ba.

A shekarar nan ce da takardun kuɗi suka yi wuyar gani, ina aji biyu a wata kwaleji a Kano. Baba ya sayar da gyaɗarsa, mai saye ya ce sai dai ya tura kuɗin ta waya. Baba kuwa bai taɓa taka ƙofar banki ba, don haka aka tura asusuna. Ya kira ni ya ce, "Kuɗin taki ne, ka riƙe mini amana sai damina." Na amsa har da rantsuwar da ba wanda ya nema.

To, yunwa ba ta san rantsuwa ba. Ranar farko garau-garau kawai na ci, na miƙa katin banki aka zura a injin POS, na ce gobe zan mayar. Daga ina zan mayar, Allah kaɗai ya sani. Sai awara, sai sabulu, sai fotokofi, sai data. Sharrin kati shi ne ba ya ramewa. Kuɗin takarda kana ganin suna raguwa, shi kuwa yadda ka zaro shi haka za ka mayar da shi aljihu. Saƙon banki ma na daina buɗewa, don kar ya ɓata mini rai.

Ruwa ya sauka, gero ya tashi, na zo hutu. Sai a lokacin na daure na duba, na ga abin da ya rage ko rabin buhu ba zai saya ba. Ranar kasuwa da safe Baba ya ce, "Ɗauko katin nan mu je." A cikin bas yana ta hira da mutane kan shuka, ni kuwa ina tunanin gonar da za ta tashi babu taki saboda awarata.

Mai takin wani Alhaji ne, tsohon abokin Baba. Suka gaisa, ya ɗauko injin ya miƙo hannu. Na riƙe katin gam.

"Baba, ina da magana."

Muka koma bayan buhuna. Kaina a ƙasa na faɗa masa komai, har awarar ban ɓoye ba. Ya ce, "Nawa ya rage?" Na faɗa. Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ashe ma ka yi ƙoƙari. Wa ya taɓa ba kura ajiyar nama? Ga takina can da aka ware, tun kafin ruwa na ba Alhaji dawa muka yi musaya. Na katinka dama na cinka ne. Da na ce naka ne, da bai kai sati uku ba."

"To Baba, me ya sa ka ce in zo da katin?"

"In ga wa zai fara faɗa mini, kai ko injin."

Na zauna a kan buhu, wani sanyi ya ratsa ni har hawaye suka zo. Ya ce in tashi in daina ba shi kunya, in zura katin in saya wa Inna gishiri da sabulu. Ban taɓa danna lambobin nan da farin ciki irin na ranar ba.

Yanzu ina ɗaukar albashi, amma ko ashana na saya da kati sai na buɗe saƙon na karanta. Na koyi cewa da kaɗan-kaɗan ake cinye amana, kuma in ka ci, gara a ji daga bakinka. Da na miƙa wa Alhaji katin nan, da taki dai zai isa gona, amma Baba ba zai sake ba ni ajiyar ko allura ba.