Haƙorin da ƙanwata ta ce ba ya ji

Ƙanwata ta iso gidanmu a unguwar Rumde a bayan motar shanu, a shekarar da 'yan bindiga suka kori mutanen arewacin jiharmu. A gabanta aka harbe mijinta. Wurin hawa motar ta faɗi, ta bugi bakinta da ƙarfe, haƙoranta biyu na gaba suka girgiza. Ba ta ce mini komai ba. Ni na lura cewa da gefe ɗaya take tauna tuwo, na saka ta a keke mai ƙafa uku sai asibitin haƙori a Jimeta.

Likitan ɗan kudancin Adamawa ne, mai sanyin hali, Hausarsa ba ta bambanta mace da namiji. Ya ce haƙorin da ya bugu yakan mutu daga ciki alhali yana tsaye. Idan jijiyarsa na da rai a ƙyale shi ya warke, idan ta mutu dole a huda a kwashe ta kafin ta ruɓe. Ya fesa wa auduga wani magani mai sanyin ƙanƙara, ya ɗora a haƙorin dama, sannan na hagu.

"Ka ji sanyi, madam?"

Ta girgiza kai, ko ido ba ta ƙifta ba. Ya ce kada mu yanke hukunci, wani lokaci jijiyar suma kawai take yi, mu dawo bayan wasu makonni. Muka dawo, ya sake gwadawa, amsar ba ta canja ba. Ya ce da na dama zai fara.

A nan ne nake jin haushin tarbiyyarmu. Goggonmu ce ta raine mu a tsohon garin Yola, kuma a wurinta 'yar Fulani ba ta cewa wayyo. Ko ƙaya ka taka, munyal za ta ce, wato ka daure. Ni aure da koyarwa a Jimeta sun buɗe mini baki, ciwon kai ma sai maƙwabta sun ji labari. Ita kuwa ƙanwata ta riƙe abin kamar karatun sallah.

Da yake a ganinsa haƙorin matacce ne, likita bai yi allurar kashe zafi ba. Injin huda haƙori ya fara ƙara. Ina tsaye ta wajen ƙafafunta, sai na ga yatsunta sun lanƙwashe cikin silifas, gumi na bin wuyanta. Kafin in buɗe baki likita ya tsaya cak. Jini ne ja wur yake fitowa daga ramin.

"Wannan haƙori yana da rai! Madam, duk wannan lokaci kana ji?"

Likita ya ajiye injin. Ya ce an riga an taɓa jijiyar, babu gyara sai kwashewa. Ya yi allura, ya ƙarasa aikin. Na hagun ya ce ba zai taɓa shi ba.

A keke na rufe ta da faɗa, mai keken ma sai da ya waiwayo. Na ce wace irin wauta ce wannan, tambayarki aka yi, ba gasar dauriya ba ce. Ta sauke gyalen da ta rufe baki da shi, leɓenta a kumbure.

"Na ji, Adda. Tun ranar farko na ji, har cikin kaina. To ni da ban yi kuka ba ranar da suka kwantar da maigidana a ƙofar gida, yaya zan ce wa baƙon namiji auduga ta yi mini zafi?"

Haƙorin yana nan har yau, ya ɗan yi duhu. Ba ta dariya da baki buɗe.