Wasiyyar da Na Bari a Aljihu

A lokacin ina da shekara arba'in da uku, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Gashuwa, kuma ina ɗaukar kaina mutumin da ba ya shakkar faɗin gaskiya. Mahaifina dillalin busasshen kifi ne a Nguru. Wata guda kafin rasuwarsa ya damƙa mini takarda da rubutun ajami, ɗauke da sa hannun shaidu biyu, abokan fataucinsa. A ciki ya yi wasiyya a bar shagon ƙofar gidanmu ga dattijon da ya shekara talatin yana haya a cikinsa, wani Kirista mutumin kudu da aikin jirgin ƙasa ya kawo garin, daga baya ya zauna yana gyaran keken ɗinki.

Ranar rabon gado, ina fara taɓo zancen dattijon sai baffana ya katse ni, ya ce wanda ba Musulmi ba ba ya gadon Musulmi, ko a jami'a an sauya mana wannan ma? Aka yi dariya. Na san gado daban, wasiyya daban. Na san tana halatta ga wanda ba magaji ba muddin ba ta wuce sulusin dukiya ba, shagon kuwa bai ko kusa da sulusi ba. Duk da haka na bar takardar a aljihu. Ba jahilci ne ya rufe mini baki ba, tsoron dariya ne. Shagon ya faɗa rabon ƙanena.

Bayan shekara biyu ƙanen nawa ya ba dattijon wa'adin tashi. Dattijon ya hau mota har Gashuwa don ya yi mini sallama, riƙe da buta da tabarma. Ya ce na Alhaji mahaifina ne, a shagon yake ajiye masa su saboda la'asar takan riske su suna hira, kuma bai ga dacewar tafiya da su garinsu ba alhali ni babban ɗan Alhaji ina nan. Bai san da wata wasiyya ba. Bai roƙi komai ba.

Washegari na kai takardar gaban alƙali. Na nemo shaidun, ɗaya a Jakusko, ɗaya a Katuzu. Dukansu sun zaci an daɗe da zartar da ita. Aka tabbatar wa dattijon shagonsa, aka cike wa ƙanena rabonsa daga kason kowa.

Har yau baffana yana cewa na kai gidanmu kotu saboda bare, ƙanena kuma da ɗaga hannu kawai yake amsa gaisuwata. To, su ji da kyau: ban yi nadamar zuwa kotu ba, kuma ba zan nemi afuwar kowa a kai ba. Dukiyar ta mahaifina ce, shi ya yanke hukuncinsa. Nadamata ita ce shekara biyun da na yi zaune a kan saƙonsa.

Duk wanda aka ba amanar wasiyya ya karanta ta a gaban magada kafin a raba ko cokali, ko da za a yi masa dariya. Ni na guji dariyar mutum goma, sai buta ta zo ta kunyata ni. Tana nan a zaurena, da ita nake alwala.