Ranar da Aka Tono Pandelis

Duk wanda ya tashi a tsibirinmu ya san Stamatiya da bokiti da goga a hannu. Ita ke shafa wa matakalar gari farar ƙasa, tun daga bakin tashar jirage har ƙofar maƙabarta da ke can ƙolin dutse, jikin tsohuwar ganuwa. Hukumar gari ta ɗauke ta aikin tana budurwa, ta yi aure tana yi, mijin ya mutu tana yi. Mace ce ƙatuwa mai murya kamar ta mai tallan kifi, kuma idan ka taka mata ɗanyen shafe sai ta tuna maka abin da kakanka ya yi. Ni ce maƙwabciyarta, Marigo. Ni na riƙe ɗanta Pandelis ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna kumbara, kuma a wurinmu wannan zumunci bai gaza na jini ba. Mun yi faɗa ba adadi, a kan kaji, a kan magudanar ruwa, amma ban taɓa dafa wake ban miƙa mata ta kan katanga ba.

Pandelis kaɗai ta haifa. Yana aiki a kwalekwale mai inji, irin wanda ke ɗebo baƙi daga manyan jiragen yawon buɗe ido, tunda su ba sa iya matsowa gaɓarmu. Wata rana da iska ya miƙa hannu zai tari wata tsohuwa, ƙafarsa ta zame, ya faɗa tsakanin kwalekwalen da jikin jirgin. Jirgin ya tashi da yamma a kan lokacinsa. Mu kuma washegari muka hau da gawar Pandelis maƙabarta.

Daga nan Stamatiya ta saki kanta. Dama tana da ciwon suga, sai ta daina shan magani, ta daina jin maganar kowa. Yatsa ya fara baƙi, aka yanke. Kafin shekara biyu an raba ta da ƙafafun duka daga gwiwa, ta dawo daga asibitin babban gari a keken guragu. Na je tarbarta a tasha. Ta ɗaga kai ta dubi matakalar, ta ce, "Kumbara, wane ɗan iska ne ya shafa wannan? Ko da wutsiyar jaki ya yi?" Na yi dariya, na koma bayan keken don kada ta ga idona.

A shekarar aka kawo jakin ƙarfe. Haka muke kiransa. Wani faranti ne mai bin dogo a gefen matakalar, a ɗora keke a kai, a danna, ya yi ta rarrafe har ganuwa. Kada ka ce don mu aka yi. Masu jiragen ne suka aiko cewa rabin fasinjojinsu tsofaffi ne, idan masu keke ba za su iya hawa su ga ganuwa ba, za su koma tsayawa a wani tsibirin. Abin da guragun garinmu suka yi shekaru suna roƙo, sai ga shi an gama shi kafin bazara. Jakunan gaske kuwa an sayar da su tun da baƙi suka fara kukan wai ana wahalar da dabbobi.

Ban ga laifin baƙin ba, Allah ya sani. Na ga wani dattijo da jakin ƙarfe ya kai shi sama, ya hango teku ya fashe da kuka, matarsa na share masa baki. Shi ma mutum ne. Amma an ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, mu a nan sai aka juya maganar. Stamatiya sai ta jira duk masu ɗaurin shaidar jirgi a wuyan hannu sun hau sun sauka, sannan a ɗora ta. Ba ta damu ba. Duk ranar jirgi nakan tura ta gindin matakala, ta zauna a rana da man fitila a cinya, tana zagin gajerun wandunan mutane da harshen da ba sa ji. Idan layi ya ƙare ta hau, ta kunna wa ɗanta fitila, ta ba shi labarin gari.

Da watan Nuwamba ya kama, jirgin ƙarshe ya tafi, sai ma'aikata su zo su kwance jakin ƙarfe su kai ɗakin ajiya, wai iskar teku tana sa masa tsatsa. Ba a sake ganinsa sai jirgin farko ya dawo.

Maƙabartarmu ba ta fi farfajiyar coci ba, ƙasar cikinta ma da kwando kakanni suka hau da ita. Saboda haka mamaci aron kabari yake yi. Ya cika shekara uku a tono shi, macen da ta fi kusa da shi ta karɓi ƙasusuwan, ta wanke su da ruwan inabi, ta naɗe a farin ƙyalle, a sa a akwati a kai ɗakin ƙasusuwa. Uwa ce ke yi, ko mata, ko 'ya. Shi ne wankan ƙarshe, kuma ba a barin bare ya yi shi. Stamatiya ba ta da wata magana sai ta wannan rana. Saboda ita ta koma shan magani. Ta yi sanyi biyu tana yi wa ƙyallen ado da allura.

Da can ana tono a kowane wata. Sai wata bazara wani baƙo ya leƙo ta kan katanga, ya ɗauki hoton wata mata riƙe da ƙoƙon kan mijinta, ya watsa a duniya. Hukuma ta taru ta ce daga ranar ba tono sai jirage sun ɗauke. Ka ga yadda aka ƙulla mu. Lokacin da akwai jakin ƙarfe an hana tono, lokacin tono babu jakin ƙarfe. Ba wanda ya zauna ya shirya mugunta. Kowace doka ranarta daban, kuma babu mai keke a cikin masu yin ta.

Shekarun Pandelis uku sun cika a watan Satumba. Na tura ta har ofishin magajin gari, shi ya fito mana waje, don ofishin ma da matakala. Yaro ne da muka san shi yana yawo ba wando.

"Inna Stamatiya, ai da kin aiko na zo."

"Ga ni na zo, ɗan Kalliyopi. Abu biyu ne, ka zaɓi ɗaya. Ko ka bari a tono ɗana yanzu, ko ka bar min jakinka sai an tono shi."

"Inna, ba ni kaɗai ba ne. Tono yanzu doka ta hana. Injin kuma idan ya kwana a waje da sanyi, waɗanda suka kafa shi sun ce ba ruwansu da gyara."

"Da asuba fa? Kafin jirgi ya iso?"

"Idan na yi miki, gobe wani zai zo."

"Wa zai zo? Gurguwa nawa ce a garin nan da ɗa a ƙasa?"

Ya sosa ƙeya. "To a bar shi ya ƙara shekara mana."

"Shekara mai zuwa dokar taka mutuwa za ta yi? Kuma Fadan cocinmu ya ce layi ya cika, ga tsofaffi na jiran wuri. Ko uwarka za ka ce ta dakata?"

Ya ce zai duba. Har yau yana dubawa.

Aka sa rana a watan Janairu, don Fada Sarandis tsibirai da yawa yake yi wa hidima, sai ranar da jirgin fito ya kawo shi. A sanyi garinmu ba matasa, duk suna babban gari neman abinci. Na bi gida-gida, na samu maza huɗu, ƙaraminsu ya ba sittin baya. Zannis masunci ne ya kawo sandunan tuƙa kwalekwale biyu, aka ɗaure keken a kansu da igiya. Stamatiya ta sa baƙar rigarta ta coci, ta rungume kwalbar ruwan inabi da ƙyallen a ƙirji. An kwana ana ruwa, da safen ma yayyafi ake.

"Ke Stamatiya," in ji Zannis da suka ɗaga, "an ce an rage ki a asibiti. Ina ragin yake?"

"Rufe min baki, tsohon banza. Da kai ne mai ƙarfi da matarka ba ta gudu ba."

Suka yi dariya, muka fara hawa. Fada da mai haƙa sun riga sun yi gaba. Da farko ana tafiya ana tsokana, can sai tsokanar ta ɗauke, ba ka jin komai sai nishi. Su hau kaɗan, su ajiye, su dafa gwiwa. Ruwa na gangarowa ta kan duwatsun, takalma na zamewa. A gefenmu ga ramukan ƙusoshin jakin ƙarfe a jere, cike da ruwa. Ni ina baya ina tokare keken da kafaɗa, ina addu'a ina zagi.

A kwanar da matakalar ta tsuke ta miƙe tsaye, Lefteris mahauci ya yi wani irin ƙara ya durƙusa. Keken ya karkace, saura ƙiris ya kife da su duka. Aka ja ta zuwa ɗan faɗin da ke wurin. Fuskar Lefteris ta yi fari, ya dafe ƙirji, ya jingina da bango. Sauran ukun suka gwada, ko ɗagawa ba su iya ba.

"Ku kwance ni," in ji ta. "Zan ja jiki."

Na ce, "Kumbara, mikin ƙafarki har yau bai gama warkewa ba."

"Na ce ku kwance ni!"

Aka sauke ta. Ta ba ni kwalbar, ta kafa hannuwa ta ja, ta hau ɗaya, ta hau biyu. Rigar cocin ta jiƙe ta yi nauyi. Ba ta yi nisa ba na ga jini yana bin ruwa daga dungulmin hagu. Hannuwan suka ƙi, ta kwanta da fuska a kan dutsen da ta yi rayuwarta tana shafawa. Ban taɓa jin tsanar garinmu ba sai a lokacin.

Daga sama Fada ya ƙwalo kira. An buɗe kabarin, iska na tashi, jirgin fito ba zai jira shi ba. Na ɗaga murya na ce to a bari in sauko mata da ɗanta nan. Ya ce wanda ya shiga ƙofar maƙabarta ba ya komawa wajen gari, ni ma na sani.

Muka mayar da ita kan keken. Ta dubi mazan ɗaya bayan ɗaya.

"Da gawa ce ni da tuni kun kai ni."

Zannis ya cire hularsa yana murzawa.

Ta miƙo min ƙyallen. "Ke ce kumbara. Je ki. Kada ki bar mai haƙan nan ya jefa min shi kamar itace. Ki fara da kai. Kuma ki gaya masa ina nan, a kwanar matakala. Ki ce na zo."

Na hau ni kaɗai. Na durƙusa a bakin ramin, mai haƙa na miƙowa ina karɓa. Na fara da kai kamar yadda ta ce. Ƙasusuwan sun fita tas, sun yi ruwan zuma, irin wanda tsofaffi ke cewa mai su ya samu rahama. Haƙarƙarin ne kawai a karye, kusan duka. Na wanke ɗaya bayan ɗaya, ruwan inabi na bin hannuna har gwiwar hannu, na gaya masa saƙon uwarsa da ƙarfi, ko muryar za ta kai ƙasa. Fada ya yi addu'a da sauri yana duban teku. Aka rufe akwatin.

Da na sauko na same ta inda na bar ta. Wani ya lulluɓa mata kwat. Biyu sun gangara da Lefteris, Zannis na tsugune a gefe. Na fara ba ta labari, na ce ya fita tas, na ce ruwan zuma. Maganar haƙarƙari na haɗiye ta. Ba ta saurare ni ba. Hannuwana take kallo, sun yi ja, da ƙasar kabarin a ƙarƙashin farce.

Na sunkuya zan ɗauraye su a ruwan da ke gangarowa.

"Kada ki wanke," in ji ta. "Kawo nan."

Ta kama su duka biyu ta kifa fuskarta a ciki. Ruwa na dukanmu, Zannis na cewa mu san yadda za mu sauka tun da sauran haske. Ba ta sake ni ba, ni ma ban ja ba.